Ba Kowace Mantuwa Ce Tsufa Ba: Yadda Saƙo Ke Tafiya a Ƙwaƙwalwar Dattawanmu

Matan da suka yi dakon duwatsu a ka a tsaunukan Kaita lokacin da aka soma babban aikin farfaɗo da ƙasa a 1984, yau su ne kakanni. Wadda take da shekara 25 a wancan lokaci ta haura 65. Aikin nan da Italiya ta ba da kuɗinsa ya raya fiye da hekta 30,000 ta ƙasar da ta mutu, aka dasa itatuwa wajen miliyan 18, kuma akasarin hannuwan da suka yi shi na mata ne, domin maza sun tafi bida. Haka ma tsarar da ta jera layukan bedi a kwarin Majiya, ta wajen Buza, tun daga 1975 don tare wa gonaki iska. Waɗannan mutane sun shiga shekarun da ƙwaƙwalwa ke sauyawa, a Nijar, ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka wuce 65 kuwa ba su cika kashi 3 cikin 100 ba. Shi ya sa hankalin ma'aikatan lafiya ya fi karkata ga tamowa, zazzaɓin sauro da haihuwa, kuma ba a ga laifinsu ba. Tsoho kuwa, kome ya same shi a ka, amsa ɗaya ce daga gida har gidan likita: tsufa ne.

"Inna ta ruɗe." "Baba ya soma gigin tsufa." "Hannun Malam yana makyarkyata." Duk ana tara su wuri guda a haƙura. Alhali a ƙarƙashinsu akwai al'amura mabambanta: wani tsufan ne na gaskiya, wani cuta ce mai magani, wani kuma mu ne muke jawo shi da hannunmu. Ba a iya rarrabe su sai an san yadda saƙo ke tafiya a cikin kai.

Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Waɗannan jijiyoyin saƙo ne, ba na jini ba. Tun ƙarshen ƙarni na 19 wani masani ɗan Sifen, Santiago Ramon y Cajal, ya nuna cewa kowace ƙwaya zaman kanta take yi, ba a haɗe suke kamar raga ba. Inda ɗaya ta tunkari ɗaya, wato mahaɗa, akwai 'yar tazara ta nanomita 20 zuwa 40, nanomita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. A cikin ƙwaya saƙo yana gudu ne a matsayin lantarki, amma lantarkin ba ya tsallake wannan tazara. Sinadari ne ke tsallakewa. Otto Loewi ya tabbatar da haka a 1921 a birnin Graz na Ostiriya da zukatan kwaɗi biyu: ya tsokani jijiyar da ke rage bugun ta farko, ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu, sai ita ma ta rage bugu ba tare da an taɓa jijiyarta ba. Sinadarin da ke cikin ruwan shi ne asetilkolin. Daga baya aka gano 'yan'uwansa: dofamin, serotonin, gulutamet, GABA da sauransu.

Wahalar ƙwayar jijiya daga siffarta take. Tana da jiki ɗan ƙarami inda ake ƙera kusan duk furotin ɗin da take bukata, sai wani dogon zare da ya miƙa zuwa inda za ta isar da saƙo. Ƙwayar da ke motsa babban yatsan ƙafa jikinta yana cikin laka, a ƙasan gadon baya, zarenta kuma ya kai mita guda. Da za a faɗaɗa jikin nan ya kai girman ɗaki mai mita 5, da zaren ya kai kilomita 100, kusan tafiyar Madawa zuwa Kaita ta Buza. To, daga wannan ɗaki guda ake aika duk kayan da ƙarshen hanya zai rayu da su, dare da rana, tsawon rai, kuma hanyar ɗaya ce tak.

A 1948 Paul Weiss da abokiyar aikinsa Hiscoe suka shaƙe jijiyar dabba, suka ga ta kumbura ta ɓangaren da ke kusa da jikin ƙwaya, alamar akwai abin da ke gangarowa ya tarar da hanya a rufe. Sai a 1985 aka kama mai dakon: Ronald Vale, Thomas Reese da Michael Sheetz suka gano furotin ɗin kinesin a jijiyar wata dabbar teku. Kinesin yana da ƙafafu biyu, yana takawa a kan wasu siraran bututu da aka shimfiɗa a tsawon zaren, kowane taku nanomita 8, kowane taku kuma yana cin ƙwayar makamashi guda. Shi ke kai kaya gaba. Wani furotin, dainin, shi ke dawo da kaya baya. Jigila mai sauri tana cin santimita 20 zuwa 40 a yini. Mai nawa kuwa milimita ɗaya ce ko 'yan kaɗan a yini, har kayan da aka tura yatsan ƙafa kan yi shekara ko fiye kafin su isa.

Yawancin sinadaran saƙo, irin su dofamin da asetilkolin, a can ƙarshen zare ake haɗa su. Abin da ake turowa daga jikin ƙwaya shi ne kayan aikin haɗawar, da kayan 'yan jakunkunan da za a ɗura su a ciki, da mitokondiriya masu samar da makamashi. Abin da ake mayarwa baya kuma shi ne kayan da suka lalace, da labarin halin da ƙarshen yake ciki. Makiyaya da manoman yankin Adar sun san wannan hanya ta dawowa ta mummunar fuska, ko da ba su san sunanta ba. Ƙwayar cutar haukan kare ita take bi daga wurin cizo zuwa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa cizon fuska ya fi na ƙafa saurin kisa, shi ya sa kuma allurar rigakafi take aiki idan an yi ta da wuri bayan cizo, tun cutar tana hanya.

Sakin saƙon kansa abin al'ajabi ne ga duk mai tunani a kan halittar Allah. A bakin mahaɗa 'yan jakunkuna masu faɗin nanomita 40 suna jere a ɗaure, cike da sinadari. Da lantarki ya iso, wasu ƙofofi sukan buɗe, kalsiyam ya kwararo ciki. Wani furotin mai suna sinaftotagmin ya ji shigowarsa, wasu kuma da ake kira SNARE su murɗe su manne jakar da bangon ƙwaya, ta buɗe baki ta zubar da abin da ke cikinta a tazarar. Duk wannan bai cika kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Bernard Katz ne a Landan ya nuna, daga shekarun 1950, cewa ƙunshi-ƙunshi ake sakin sinadarin kuma kalsiyam ne ke ba da umarni. James Rothman, Randy Schekman da Thomas Südhof suka samu kyautar Nobel a 2013 don warware yadda jakunkunan ke tafiya da yadda suke buɗewa. Dafin cutar sarƙe-haƙora, wadda ake ɗauka ta raunin ƙusa ko yankan cibiya da ƙazamar reza, ɗaya daga furotin ɗin SNARE yake yankewa a ƙwayoyin da aikinsu shi ne tsayar da tsoka. Da umarnin tsayawa ya daina fita, sai jiki ya sandare.

Bayan saki dole a share wurin nan take, in ba haka ba saƙo na gaba ba zai ji ba. Wasu sinadaran tsotse su ake yi a mayar ciki, asetilkolin kuwa wani furotin ne ke farfasa shi. Jakar da ta zubar da kayanta a janyo ta, a sake ɗura ta. Wannan aiki yana cin ƙarfi ƙwarai: ƙwaƙwalwa kashi 2 ce cikin 100 na nauyin jiki, amma tana cin kusan kashi 20 na makamashinsa, kuma babban rabo a mahaɗu yake tafiya.

Me tsufa ke yi wa wannan tsari? Da can an ɗauka ƙwayoyin ne ke mutuwa tuli-tuli. Ƙidayar da aka yi a Denmak a 1997 ta nuna cewa daga shekara 20 zuwa 90, abin da ɓawon ƙwaƙwalwa ke rasawa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Akasarin ƙwayoyin da aka haifi mutum da su suna nan tare da shi ranar da ya cika 80. Abin da ke raguwa shi ne aikinsu. A tsofaffin dabbobin gwaji an ga jigila tana yin nawa, mitokondiriya ba sa yawo kamar da, shara tana taruwa a ƙarshen zare, ƙwaya kuma tana jinkirin kwashe kalsiyam bayan ya gama aikinsa. Wasu mahaɗu suna ɓacewa, musamman a goshin ƙwaƙwalwa inda ake tsara al'amura. Rufin kitse da ke naɗe da zaren don lantarki ya yi sauri yana zaizayewa. Tsarin dofamin yana raguwa da kimanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 a kowace shekara 10.

A zahiri wannan shi ne dattijon da sunan jikansa ya maƙale masa, sai bayan an jima ya faɗo. Ko tsohuwar da ba ta son a yi mata magana biyu lokaci guda. Amma haddar malam tana nan, sanin asalin gidaje da iyakokin gonaki yana nan, iya sasanta rigima ma sau da yawa ƙaruwa yake. Wannan nawa ce kawai, kuma haƙƙinta a wurinmu shi ne a jira mutum ya ƙarasa maganarsa. A ganina, yawan katse tsoho da amsa tambaya a madadinsa ya sa dattawa da yawa sun yi shiru tun lokacin shirunsu bai yi ba.

Cuta daban take. James Parkinson ya siffanta wadda ake kira da sunansa a Landan a 1817. Alamunta su ne: hannu yana karkarwa alhali yana ajiye, jiki ya yi tauri, taku ya gajarce, fuska ta daina motsi, murya ta yi ƙasa. Tushenta mutuwar ƙwayoyin dofamin ne a wani ɗan baƙin wuri a tsakiyar ƙwaƙwalwa. Waɗannan ƙwayoyi suna da rassa fiye da kima, har an kiyasta ɗaya takan ciyar da mahaɗu wajen miliyan guda, don haka su ne ke fara gazawa idan jigila da makamashi suka yi rauni. A 1997 aka gano cewa furotin ɗin alfa-sinukilin, wanda wurin zamansa jikin 'yan jakunkunan nan ne, shi ke dunƙulewa a cikinsu. Alamu ba sa fitowa sai kusan rabin ƙwayoyin sun tafi. Maganinta ya samo asali daga gwajin Arvid Carlsson ɗan Suwidin a 1957: ya ba zomaye wani magani da ke hana ɗura sinadari a jakunkuna, suka kwanta ba motsi, ya ba su lebodofa suka miƙe. Lebodofa shi ne ɗanyen kayan da ƙwaƙwalwa ke mayarwa dofamin. Tun ƙarshen shekarun 1960 ake ba mutane shi, yana kuma cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ba ya warkar da cutar, amma mutumin da aka shekara ana ɗagawa yakan koma yin alwala da kansa, ya tafi masallaci da ƙafarsa shekaru da dama. Barin irin wannan mutum a kan tabarma da sunan tsufa ko sammu zalunci ne, ko da ba da niyya aka yi ba.

Akwai bincike mai ban sha'awa a kan karara, tsiron nan mai ƙaiƙayi na ƙasashe masu damshi, domin ƙwayarsa tana ɗauke da lebodofa. Likitocin Italiya sun gwada garin soyayyar ƙwayar a kan masu cutar, suka ga yana aiki. Sai dai yawan maganin ya bambanta daga iri zuwa iri, kuma wanda ya zarce ma'auni yana jawo amai da ruɗewa. Aikin likita ne, ba na mai tallar gari a kasuwa ba.

Cutar da Alois Alzheimer ya bayyana a Jamus a 1906 ta fi wuyar sha'ani. A cikinta furotin ɗin tau, wanda ke riƙe da siraran bututun da masu dako ke takawa, yakan saki aikinsa ya cukurkuɗe, wani furotin kuma, amiloyid, ya taru a tsakanin ƙwayoyi. A 1976 aka gano asetilkolin yana ƙaranci sosai a ƙwaƙwalwar masu ita, a farkon shekarun 1990 kuma aka nuna cewa yawan mahaɗun da suka ɓace shi ya fi daidaita da tsananin mantuwar. Mai ita ba suna kaɗai yake mantawa ba: yakan ci tuwo ya ce ba a ba shi ba, ya ɓace tsakanin gida da rijiyar da ya yi shekara 50 yana zuwa, ya zargi surukarsa da satar abin da shi ya ɓoye. Magungunan da aka fi amfani da su, irin donefezil, suna rage farfasa asetilkolin ne, kuma taimakonsu kaɗan ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 57 ke da ciwon mantuwa a 2021, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici. Binciken da aka yi shekaru ana kwatanta tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fata na Indiyanafolis a Amurka ya nuna a 2001 cewa a Ibadan kashi 1.35 ne ke kamuwa a shekara, a can kuwa kashi 3.24. Masu binciken sun lura hawan jini, ciwon suga da kitsen jini sun fi ƙaranci a tsofaffin Ibadan na wancan zamani. Wannan tazara ba gado ba ce da za a jingina da ita, don cututtukan nan uku sun riga sun shigo ƙauyukanmu.

Hawan jini shi ne babban ɓarawo. Ba sai ya kai ga shanyewar ɓarin jiki ba. Shekara da shekaru yana ƙuntata ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da dogayen zaruruwan nan, su yi ta mutuwa a ɓoye. Awonsa minti biyu ne, maganinsa yana cikin masu araha, amma dattawa da yawa ba su san suna da shi ba sai ranar da suka faɗi.

Na biyu yana cikin fadama. Albasar Galmi da Madawa arzikin yankin ce, kuma feshi ya zama jikin nomanta. Da yawa daga magungunan ƙwari, har da piya-piya da ake yayyafawa a ɗakin kwana don sauro, suna kashe ƙwaro ne ta hanyar toshe furotin ɗin da ke share asetilkolin. Namu ma suna toshe shi. Manomin da ya dawo daga feshi da yawu yana zuba, gumi, murɗar ciki da numfashi da ƙyar, mahaɗunsa ne suka cika suka tumbatsa, kuma gidan likita ya kamata a nufa da shi, inda ake da allurar atirofin, madara ba za ta fisshe shi ba. Illar dogon zango kuma tana nan. Wani bincike a kan manoman Amurka a 2011 ya samu cewa masu aiki da maganin ciyawa na parakwat sun ninka sauran sau biyu da rabi wajen kamuwa da cutar Parkinson, Faransa kuwa tun 2012 ta amince da ita a matsayin cutar sana'a ga manoman da suka daɗe suna feshi. Saurayin da ke dama magani da hannu, ya fesa ba takalmi ba abin rufe hanci, ya wanke jarkar ya mayar da ita ta ruwan sha, tsufansa yake ci tun yanzu.

Na uku yana cikin kwandon mai tallar magani. Wasu magungunan mura, ƙaiƙayi da barci, irin su Piriton da Phenergan, suna toshe saƙon asetilkolin. Matashi zai ji barci kawai, tsohon da ajiyarsa ta riga ta yi ƙasa kuwa zai iya ruɗewa. Maganin amai na metokulofuramid da magungunan taɓin hankali irin su haloferidol suna toshe dofamin, har su haifar da karkarwa da taurin jiki kamar na Parkinson, wanda yakan gushe idan likita ya janye maganin. Tramol yana hana tsotse serotonin, yana kuma iya jawo farfaɗiya. Ga diyazefam da ake ba tsoho don ya daina yawon dare, ya tashi fitsari ya faɗi ya karye ƙugu.

Akwai alama ɗaya da nake so kowane gida ya riƙe. Ciwon mantuwa a hankali yake zuwa, cikin watanni da shekaru. Idan tsohon da jiya yake lafiya lau ya wayi gari bai san inda yake ba, yana surutai ko yana ta barci, wannan ba gigin tsufa ba ne. Sau da yawa zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko sugan jini ya faɗi, ko ƙishirwa ta busar da shi a zafin bazara, don tsoho ba ya jin ƙishi kamar yaro. Idan an magance dalilin, yawanci hankali yakan dawo. Idan an tsaya ana hayaƙi kwana uku, ana iya rasa shi.

Mahaɗar da ba a aiki da ita takan shuɗe, kuma nan ne kurumta da makanta suka shigo. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 waɗanda da za a kawar da su, da an hana ko an jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon mantuwa. Raunin ji, raunin gani, kaɗaici, ƙarancin karatu, taba da gurɓatacciyar iska suna ciki. Yanar ido ana cire ta da ɗan gajeren aiki. Dattin kunne ana wanke shi. Kaɗaici kuwa sabon abu ne a ƙasar da 'ya'ya ke Abijan, Legas ko Libiya, kuɗi na zuwa ta waya amma ba mai zama hira. Zuwa kasuwa, zaman majalisa bayan la'asar, tilawa, sussukar gero tare da jikoki, duk aiki ne ga mahaɗun nan. Kulle tsohuwar da ta ruɗe a ɗaki don kunyar maƙwabta yana gaggauta lalacewarta, balle a kai ga jifanta da maita saboda abin da bakinta ya furta ba da saninta ba.

Likitocin jijiya a Nijar 'yan kaɗan ne, akasarinsu a Yamai, kuma ba za a jira su iso kowane ƙauye ba. Abin da ake bukata bai fi ƙarfin majo a ƙaramin gidan likita ba: ya auna jinin duk dattijon da ya shigo ko da rakiya ya zo, ya dubi tafiyarsa da hannunsa, ya tambayi me yake sha. Hukumomin lafiya na jihar Tawa su tabbatar ana samun lebodofa da maganin hawan jini ba yankewa a asibitocin Madawa, Buza da Kaita, malaman gona kuma su sa kariyar mai feshi cikin abin da suke koyarwa. Ku kuma masu tsoho a gida, ranar da kuka ga hannu ya soma karkarwa ko hankali ya sauya, ku tattara duk ƙwayoyin da yake sha, na likita da na kasuwa da na gargajiya, ku sa a leda ɗaya, ku tafi da shi da ledar gidan likita.